Ganye Uku Shuɗaye

Masu turo min saƙo kuna cewa jan aji nake wa Injiniya, na gani, na karanta. Har da ke da kika rubuta wai in gode wa Allah da aka samu mai tayawa ina shekara ashirin da takwas. Na gode, 'yar'uwa. Yau zan faɗa muku abin da ko Mama ba ta sani ba, in kun gama karantawa sai ku ci gaba da zagin in da sauran ƙarfi.

Babana maƙerin zinare ne. Shagonmu ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarshen layin masu gyaran agogo, tebur biyu, taga ɗaya, sai warin narkakken ƙarfe da ya kama labule har wanki ba ya fitar da shi. Abin da aka san Baba da shi shi ne sarƙa da 'yan kunne waɗanda ake jera wa ƙananan duwatsu masu launi, kowanne bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, har su fitar da zane irin na daɓen tsofaffin gine-gine. Tun yana saurayi yake yawo da littafi a aljihu, in ya ga tsohon gini sai ya durƙusa ya kwafi zanen ƙasa da na bakin taga, mutane na tsallake shi suna zaton wani abu ya yar. Littattafan nan goma sha ɗaya ne yanzu. A cikinsu na koyi aiki, tun hannuna bai iya riƙe hantsaki ba.

To ga maganar. Shekara biyu ke nan Baba ba ya gani sosai.

Narka zinare, buga shi, lanƙwasa shi, duk yana yi, don wannan hannu ne ya haddace ba ido ba. Amma duwatsun sun gagare shi. Shuɗi da kore sun zame masa abu ɗaya, tsakiyar duk abin da ya kalla kuma hazo ne. Ranar da na gano, ya kama hannuna ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Mama. Ya ce ranar da gari ya ji, ranar sunansa ya mutu, wa zai ba makaho zinarensa? Tun daga lokacin ni nake jera kowane dutse, shi ya miƙa wa mai kaya, a yi ta sa masa albarka. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. A gida ma ba a gane komai, ya san adadin takun da ke tsakanin ɗakinsa da falo.

Ana cikin haka Injiniya ya faɗo rayuwata. Shi ba sabbin gidaje yake ginawa ba, tsofaffi yake gyarawa. Wata takwas da suka wuce ya shigo shagon, hular kwano a hammata, takalmi duk siminti, ya nuna mana hoton daɓen tsohon ɗakin karatu na gari da yake gyarawa: koren ganye, shuɗin ruwa ya kewaye shi, an maimaita tun daga ƙofa har bango. Ya ce sarƙa yake so a yi wa mahaifiyarsa da zanen, gida bakwai, kowane gida ganye ɗaya. Daga nan ya tsiri zuwa duba aiki. Aikin da ko zinarensa ba a narka ba, bawan Allah nan sau uku a mako yake zuwa dubawa. Shi ya sa min suna Mai Duwatsu.

Ina son shi. Na faɗa, kowa ya huta. Ina son yadda yake shafa tsohon bango da tafin hannu kafin ya ce komai a kansa, da yadda ba ya katse ni in ina magana. Amma ya samu aiki a wani gari mai nisan kwana guda a mota, na shekara uku, ƙarshen wata zai tafi, kuma yana so manyansa su zo kafin nan. In na bi shi, wa zai jera wa Baba duwatsu?

Ranar Laraba da rana ina kan sarƙar. Na gama gida huɗu, saura uku. A teburinmu akwai ƙa'ida tun kafin a haife ni: farantin kore a dama, na shuɗi a hagu, fari a tsakiya. Baba bai taɓa canzawa ba, ko da idonsa garau. Ranar kuwa hasken taga ya faɗo kan koren yana kashe min ido, sai na ɗauke shi na mayar hagu, na turo shuɗin dama, da niyyar in na tashi in gyara. Sai wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne.

"Mai Duwatsu, gobe bayan la'asar zan kawo Hajiya ta gaida su Mama. Gaisuwa ce kawai, kar ki tsorata."

Kafin in ba da amsa wani saƙon ya shigo.

"Amma ki sani na gaji da kwana da tambaya ɗaya. In a'a ce, ki faɗa min, zan iya ɗauka. Shirun ne ba na iyawa."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ƙarshe na tura masa "Allah ya kai mu," kamar wata gwaggonsa. Na rufe sarƙar da ƙyalle, na ja mayafina, na fita kaina na sarawa. Farantai kuwa ko waiwayarsu ban yi ba.

A gida na tarar da Mama tana ninke wanki a kan gado, ƙanwata Auta na kwance tana latsa waya. Kallo ɗaya na yi wa bakin Mama na san labari ya riga ni isowa.

"Uwar mutum guda za ta tako har gidan nan gobe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Me zan ce mata?"

"Gaisuwa ce kawai, Mama."

"Gaisuwa. Ni za ki koya wa gaisuwa? Yaron nan me ya rasa? Aiki ne babu, ko hankali?"

"Tsawo ne babu," in ji Auta.

"Ke rufe min baki. Ke kuma ki dube ni. Sa'o'inki na kai yara makaranta, ke kina can kin sunkuya kan tsakuwa har wuyanki ya fara lanƙwasa. Shagon nan da ke aka gina shi? Kafin a haife ki ubanki yake aikinsa, bai taɓa neman mai taya shi ba."

"Baba na bukatata."

"Yana bukatarki da me? Share ƙasa?"

Saura kaɗan in faɗa mata, sai na tuna rantsuwata. Na ce, "Ki ƙara min lokaci."

"Lokacin ne ya ƙare, ba haƙurina ba. Wallahi in kika kori yaron nan, ni da ke ne a gidan nan."

Da na fito sai na ga Baba tsaye a baranda, buta a hannu, bai je ko'ina ba. Ya ji komai. Na wuce kamar ban gan shi ba.

Washegari da safe Mama ta tasa ni gaba zuwa wurin tela, wai doguwar rigata mai ruwan toka ta yi min yawa a ƙugu, ba za ta bari uwar miji ta ga 'yarta kamar an rataya buhu a ƙusa ba. Tela ya ɓata mana awa huɗu. Sai bayan azahar na isa shago, da ledar riga a hannu.

Na tarar da Baba a kujerata. Ya ɗaura gilashin nan mai ƙara girman abu a goshi, yana goge hannu da tsumma, yana dariya. Dariya ta gaske, har da haƙora, irin wadda na manta yana da ita.

"Uwata, zo ki gani." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Zo ki ga ko tsohon naki ya mutu."

Ya janye ƙyallen. Ya gama gida ukun da suka rage.

Jama'a, aikin ya yi kyau. Ban taɓa jera dutse ya kwanta haka ba, ko tsinin allura ba zai shiga tsakaninsu ba. Da lalube ya yi, da ƙirge, da shekara arba'in da ke cikin yatsunsa. Ya miƙa hannu dama ya ɗebo wa ganye, ya miƙa hagu ya ɗebo wa ruwa, yadda ya saba tun yana saurayi. Sai dai jiya wata sakarya ta juya masa farantai. Ganye huɗu kore cikin shuɗin ruwa, ganye uku shuɗaye cikin koren ruwa.

Na taɓa da farce. Danƙon da muke kafa duwatsun a kai ya riga ya daskare. Cire su sai an gasa, an farfasa, aikin kwana biyar.

"Tun da asuba nake kai," ya ce. "Kin gani ko? Ashe tsoro ne kawai ya riƙe ni. In na bi a hankali zan iya. Ki je ki yi aurenki, Uwata, shago ba zai rufe ba."

Na dafa tebur, na lallaɓa na mayar da farantan wurinsu ba tare da sun yi ƙara ba, kamar hakan zai gyara wani abu.

"Ya yi kyau, Baba."

"Kyau kawai?"

"Ya fi nawa. Amma a bar shi zuwa mako mai zuwa, in ƙara goge bayan."

"Na goge. Yau zan miƙa wa Hajiya da hannuna." Ya saka sarƙar a akwatinta, ya zura a aljihun gaba, ya dafe da tafin hannu.

Ku da kuke da baki, ku gaya min: a wane wurin zan tsayar da shi? Da wace kalma? Na buɗe baki sau biyu a hanya, sau biyun yana ba ni labarin yadda ya fitar da jijiyar ganyen da dutse tara.

Bayan la'asar suka iso. Mama ta shimfiɗa sabuwar leda a tebur, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi, ta fesa turare har Auta na atishawa. Injiniya ya sa farar riga, ya yi aski, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Hajiyarsa doguwa ce siririya, farin gilashi, mayafi ruwan ƙasa, ba ta da yawan magana amma idonta ba ya zama wuri ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama haɓata ta ɗago fuskata ta ce, "Ke ce Mai Duwatsun." Na ji kunya kamar in nutse.

Hira ta yi hira, Mama ta ce, "An ce aikin asibiti kika yi."

"Nas ce ni. Shekara talatin, duk a sashen ido, har na yi ritaya."

Tiren da ke hannuna ya karkata, cokula suka yi ƙara. Injiniya ya taɓa ce min nas ce, ban taɓa tambayar ta wane sashe ba.

Na ajiye wa Baba shayinsa inda na saba ajiyewa. Amma sabuwar ledar ta sa na matsar da kofin kaɗan. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka sauka a gefe, suka ɗan laluba, suka samu hannun kofin. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Mama ba ta gani ba, Auta ba ta gani ba. Hajiya ta gani. Ta bi hannun da kallo, ta koma kan fuskarsa, ta daɗe a can.

Sai Baba ya yi gyaran murya ya ciro akwatin.

"Hajiya, ɗanki ya ba mu aiki, Allah ya sa mun fita kunya."

Ta buɗe. Zinaren ya ɗauki hasken taga. Mama ta ce masha Allah, Injiniya ya leƙo ta kafaɗar uwarsa yana murmushi. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya. Mutumin da ya yi wata takwas a durƙushe kan wannan daɓen, yana ƙirga duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya, shi za a ɓoye wa? Ya ɗago ya dube ni. Bai tona ba, Allah ya saka masa.

Amma Allah ya yi mana Auta.

"Lah! Yaya, ya na ga waɗannan ukun ganyensu shuɗi ne? Ruwan kuma kore. Haka zanen yake?"

Hannun Baba da ke kan gwiwarsa ya daina motsi.

"Ni ce," na ce da sauri. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. "Ni na ƙarasa ukun nan, Baba ya bar min su in gwada hannuna. Hankalina ne ya rabu. Ki yi haƙuri, Hajiya, zan cire in sake."

Kallon da Mama ta yi min, da wuƙa ne da yanzu ana zaman makokina. Ta yi dariyar dole ta ce, "Kin ji ko, Hajiya. Na gaya wa Malam ya daina sakar wa yara aikin mutane. Kwanan nan hankalinta ba ya jikinta, kin san dalili."

"Ni ya ma fi min kyau haka," in ji Injiniya. Ƙarya ba ta karɓe shi ba, kunnuwansa har sun canza launi.

Hajiya ta ɗaga sarƙar kusa da gilashinta, ta bi gida huɗun farko da yatsa, ta bi ukun ƙarshe. Ta ce, "Hannun da ya yi ukun nan ya ƙware ƙwarai." Ta saka a wuyanta, ta gyara mayafi. "A bar min ita haka. Ba za a cire ko dutse ɗaya ba."

Baba ya ce, "Mun gode." Iyakar abin da ya ce ke nan har suka tafi.

Motarsu ba ta gama juyawa ba Mama ta fara. Na kunyata ta, na kunyata ubana, shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai da na sa hannu. Na tsaya na sha. Da ta gaji ta shige kicin tana buga tukwane, Auta ta bi ta tana cewa ita fa tambaya kawai ta yi.

Na samu Baba a baranda, zaune a kujerar roba, rana ta yi sanyi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Duka ukun?"

Hawayen da na riƙe tun azahar suka balle. "Laifina ne. Ni na juya farantan jiya, na manta ban mayar ba. Da suna wurinsu da ba ka yi kuskure ba, wallahi da ba ka yi ba."

"Awa bakwai ina kallonsu," ya ce a hankali. "Da gilashi a idona. Dutse ɗari shida na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko guda ba. Farantin ne ya yi laifi?"

Na kifa kaina a gwiwarsa, ya dafa min kai da hannun nan mai kanta.

"Yau na ji 'yata ta yi ƙarya a gaban surukarta don ta rufa min asiri. An zage ta ina zaune, na kasa buɗe baki. Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin yau ba." Ya ja numfashi. "Gobe zan gaya wa mamanki. Ƙarshen wata in mayar wa mai ginin makullinsa. Littattafan ki tafi da su, ke za su yi wa amfani."

"Ba inda zan je. Mu ci gaba yadda muke, ba wanda zai sani."

"Na ci shekara biyu a cikin rayuwarki. Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba. Kina son yaron nan?"

Na gyaɗa kai.

"Ba na ganin fuskarki, sai kin faɗa da baki."

"Ina son shi, Baba."

"To ɗauko wayarki. Yanzu, a gabana. Ki ce masa ya turo manyansa."

Wata takwas ina roƙon Allah ya buɗe min hanya, ban san da shagon ubana za a buɗe ta ba. Na share ido da bakin mayafi, na ciro wayar. Ashe saƙonsa ya riga ya shigo, guda uku a jere.

"Na san ba ke ba ce. Da safe na biyo ta shago, na hango wanda ke zaune a kujerarki. Ban shiga ba."

"Ban ga laifinki ba, Mai Duwatsu. Ƙara girma kika yi a idona."

"Amma tun da muka shiga mota Hajiya ba ta yi magana ba sai yanzu. Ta ce ta san irin ciwon idon Baba, kuma in tambaye ki kafin a yi maganar turo kowa. Akwai wanda ya taɓa yi a danginku?"

Na karanta sau uku. Kakana, mahaifin Baba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, ni nake ja masa ita zuwa bakin ƙofa ina 'yar shekara shida. Yayar Baba ma shekara goma ke nan ba ta gane mutum sai ya yi magana.

"Uwata," Baba ya ce, yana murmushi wajen da yake zaton fuskata take. "Kin tura?"